Rasuwar Fitilar Karang Sunyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da hawa matakala ɗari da arba'in, ni Sattuang Daeng Rate nake sanar da rasuwar uwarmu, Fitilar hasumiyar Karang Sunyi mai nuna wa jiragen ruwa hanya. Ta cika ran Talatar makon jiya a kan dutsenta, tafiyar wuni guda daga gaɓa.

Turawan Holan ne suka kafa ta tun kakana bai yi kaciya ba. Ta sha man kwakwa, ta sha kananzir, ta ga yaƙi biyu, ba ta taɓa fashin aiki ba. Jiragen da ta raba da duwatsu ko sannu ba su ce mata ba, ita kuwa ba ta riƙe kowa a zuci ba. Maganarta ɗaya ce, ƙirr-ƙas, ƙirr-ƙas, kuma shekara goma sha tara na fi jin ta a kan muryar matata.

Gishirin teku ne ya cinye haƙoran injinta, ya huda bututun manta. Mun yi mata jinya da man kifi da addu'a, har ta yi tari biyu ta yi shiru.

Ta bar ni, da abokin aikina Pak Idrus, da kaza ɗaya da ta daina ƙwai. Ƙanwarta rediyo ta riga ta gidan gaskiya tun bara.

Wanda bai sani ba ya sani, marigayiya ce bakinmu. In shinkafa ta ƙare, mukan rufe ta da zane sau uku, masunta su gani su gaya wa Haji Nompo mai kawo mana guzuri, ya zo da jirginsa. To ofishin gwamnati ya riga ya shelanta za a rufe hasumiyar bana. Haji zai ga duhu ya ɗauka jirgin gwamnati ya kwashe mu, ofis kuma na can ya bar wa Haji lamarinmu. Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwarta, ruwan tanki ya kusa ƙarewa, kuma wallahi tsoro nake ji.

Pak Idrus ya leƙo takardar nan ya ce, "Daeng, wa zai karanta wannan? Kifi?"

Na ce, "Kai dai wanke min kwalba."

Za a yi jana'iza duk ranar da jirgi ya iso. Masu ta'aziyya su biyo ta gabas da rana tsaka, don duwatsun yamma ba su da mai nuna su yanzu. Kada a wahala da fure, a kawo ruwan sha. Wanda ya tsinci kwalbar nan kuma, don Allah ya hanzarta, kada ya zo ya tarar da gawa uku.