Rasuwar Rubutun Ruhaina a Kan Mahaifiyarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Allah, shafin intanet na Ruhaina Iddrisu ta unguwar Maamobi yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu karatu na gida da na ƙetare rasuwar rubutunta mai suna "Kayan da Mma Ta Ɗauka". Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a kan benci a ƙofar shagon mahaifiyarta, Hajiya Sahadatu. Ya tafi yana daftari, bai taɓa fita shafi ba.

An haifi marigayin shekarun baya, ranar da ruwan sama ya hana ciniki. Uwa da 'ya suna cikin shago suna tsintar wake, sai wata kayayo, cikin matan nan masu dakon kaya, ta fake a bakin rumfa da goyo a bayanta. Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta fara magana. Ta faɗi yadda ta zo daga arewa da ƙuruciyarta ta ɗauki kaya a Kasuwar Malam Atta, labarin da kowa a unguwa ya sani. Daga nan ta faɗi abin da ba kowa ya sani ba. Ruhaina ta koma ɗaki ta rubuta shi.

Waɗanda suka san shi sun shaida haƙurinsa. An yanke masa farko, an mayar, an sake yankewa, bai yi ƙorafi ba. An ɗauke wuta ana tsakiyar gyaransa, ya dawo lafiya. Kwamfutar da yake ciki ta taɓa zamewa daga cinyar Ruhaina a cikin trotro, motar haya, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Yana zaune yana kallon ƙannensa na baya suna fita suna tara jama'a, irin su "Inda Ake Cin Waakye Mai Kyau a Nima", bai taɓa neman a fitar da shi ba. Ba a san shi da ƙarya ko ƙarin gishiri ba. Muryarsa kuwa ƙasa-ƙasa ce: kaf-kaf na maɓallai, sai dogon shiru, sai kaf-kaf kuma. Ruhaina ta san a cikin duk abin da ta rubuta, babu na biyunsa.

Ciwon ajali ya fara ne da alheri. Ƙawarta Zelia, wadda ke aiki da wata mujalla ta intanet, ta karanta shi a kwamfutar Ruhaina, ta yi kuka, ta ce wannan ne zai sa a daina kiranta mai labarin abinci, a fara kiranta marubuciya. Ruhaina ta yi murna. Amma ta ce sai mai labarin ta ji tukuna.

Ta ɗauke shi ta kai shago, ta zauna kusa da mahaifiyarta.

"Ka karanta, ina ji," in ji Hajiya, da Hausarta ta zango wadda ba ta raba mace da namiji.

Ruhaina ta karanta. Sau ɗaya kawai aka tsayar da ita.

"Zanin ba kore ba ne. Shuɗi ne."

Da aka kai ƙarshe, wata mata ta zo sayen gishiri, Hajiya ta sallame ta, ta dawo ta zauna.

"Haka ya faru," ta ce. "Wane ne zai karanta shi?"

"Kowa, Mma. Har Jamus, har Amerika."

"Kowa. Ranar nan ma kowa yana kasuwa. Kowa ya gani, kowa ya wuce."

Ruhaina ta ce rubutun zai taimaki matan da ke ɗaukar kaya yau da goyo a baya. Ta faɗi haka da gaskiyarta, kuma har yanzu tana ganin ba ta yi kuskure ba.

"Ka je ka tambaye su nasu labari. In sun ba ka, ka rubuta," in ji Hajiya. "Ni ba ni da hoton yaron nan. Ban san kabarinsa ba, maza ne suka tafi da shi. Labarin kaɗai ya rage mini. In ka ba duniya, ni me zan riƙe?"

Ruhaina ta jawo kwamfutar ta goge shi, ta bi kwafin da ke waya da na imel ta goge.

"Ban ce ka kashe shi ba," Hajiya ta ce, ta riƙe mata hannu.

"Na san kaina, Mma. In yana nan, wata rana zan fitar."

Abin ƙarshe da aka ji daga gare shi wani ɗan sauti ne, kamar an murƙushe takarda a tafin hannu. Ruhaina ta kifa kanta a cinyar uwarta ta yi kuka a bainar jama'a, masu wucewa suna tambaya ko wani ne ya mutu.

Marigayin ya bar 'yan uwa da dama a cikin kwamfuta, duk ba su fita ba: yayansa, dogon rubutu a kan babban gwatan Nima, wanda ya tsufa yana jiran hotuna, wani a kan telolin sallah da alkawarinsu, rabin waƙa, da wani a kan masu gidajen haya, wanda tsoro ke riƙe da shi. Za a duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zama na Ruhaina ne ita kaɗai zai iya fita. Wanda akwai kukan wani a cikinsa, sai an je an tambayi mai kukan.

Iyali na roƙon kada a tambayi abin da rubutun ya ƙunsa. An karanta wa Hajiya wannan sanarwa, kuma iyakar abin da ta yarda a faɗa ke nan: kafin a haifi Ruhaina, Hajiya ta haifi ɗa namiji, sunansa Ziblim, ya rasu yana goye.

Babu jana'iza, don babu abin binnewa. Za a yi zaman addu'a ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tsakar gidan Hajiya Sahadatu da ke Maamobi, bayan shago. Za a raba koko da masa. Kada a ɗauki hoto, kada a ɗora komai a waya. Addu'ar ta Ziblim ce. Duk wanda ya zo, ya wuce Ruhaina, ya fara zuwa wurin Hajiya ya yi mata gaisuwar ɗanta, domin tun ranar da aka ɗauke shi daga bayanta, ba wanda ya taɓa yi mata.