Rasuwar Wakili, Akwatin da ke Kunna Fitilun Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da na rasa inda zan kai ta, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Wakili, ɗan baƙin akwatin nan da ke zaune bayan talabijin a falo, mai kula da fitilu da ƙofofin gidanmu. Ya rasu ranar Asabar da hantsi yana da shekara shida, bayan gajeriyar jinyar da ni na jawo masa da hannuna.

Marigayin bai kai tafin hannu biyu ba, amma aikin mutum uku yake yi. Shi ke tayar da injin ruwa, ya kashe shi kafin tanki ya yi ambaliya. Shi ke buɗe get idan mota ta iso. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa kai ƙarar kowa ba, duk da ya san wanda ke barin fitilar banɗaki a kunne. Maganarsa ba ta wuce "ƙit" idan ya kunna, "ƙit" idan ya kashe.

Sai dai yana da wata magana guda, wadda ba tasa ba. Kafin Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce, na sa shi ya yi magana a wayata, na zuba muryar a cikin Wakili. Tun daga ranar, kullum ƙarfe takwas na safe, lasifikar ɗakin Inna takan yi gyaran murya ta ce, "Ke tsohuwa, tashi ki sha maganinki, kada ki riga ni." Inna takan harari lasifikar, ta yi tsaki, sannan ta haɗiye ƙwayar hawan jininta. Duk gidan nan babu wanda take karɓar wannan umarni daga bakinsa sai shi.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Wata uku Wakili yana nuna mini saƙon cewa akwai sabuwar manhaja, kuma ita babbar manhajar da take ɗauke da komai ta tsufa, ba a ƙara kula da ita. Matata ta ce abin da ke tafiya lafiya a bar shi ya tafi. Na ce mata rigakafi ya fi magani. Na karanta duk gargaɗin masana: a kwafi komai a adana tukuna, a sabunta ɗaya a gwada, sannan a taɓa ɗayar. Na kwafa, Allah Ya gani. Amma a cikin katin ajiyar da ke cikin Wakili na ajiye kwafin, wato na kulle ɗaki na jefa makullin ciki ta taga. Sannan, don in gama kafin azahar, na haɗa sabuntawar biyu a zama ɗaya.

Ya kai kashi sittin da ɗaya cikin ɗari na sabuntawar, ya tambaye ni wani abu da ƙananan haruffa, na danna na yarda ban karanta ba. Fitilarsa ta yi kore, ta yi ja, ya ce "tiiin" mai tsawo irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba. Na cire wayar wutarsa na mayar ya fi sau goma. Na hura katin, na goge shi da gefen riga, har roƙonsa na yi. Mai gyara ya duba ya ce ƙarfen lafiya lau, amma sabuwar manhajar ta share katin tas kafin ta zauna, babu abin da zai iya tsamowa. Muryar da ke wayata kuwa, bara na goge ta don in samu wurin hotuna, tunda ai tana wurin Wakili. Garin neman gira na rasa ido.

Marigayin ya rasu ya bar fitilu goma sha ɗaya, biyu daga ciki tun ranar suke kunne an rasa mai kashe su. Ya bar fanka uku, da injin ruwan da jiya ya wanke tsakar gida ba a sa shi ba, da get da yanzu sai an sa kafaɗa. Ya bar matata, wadda har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ya bar Inna.

Na gaya wa Inna an kai Wakili asibiti. Na gwada laɓewa bayan ƙofa ina kwaikwayon muryar Baba, ta ce in shigo in daina wahalar da maƙogwarona. Kwana huɗu ke nan sai an yi lallashi har rana ta take kafin ta sha maganin, jiya ma ƙin sha ta yi. Ban san abin da zan yi ba.

Za a yi jana'izar katin gobe da la'asar. Za a naɗe shi a takarda, a sa shi a aljihun tebur kusa da tabarau ɗin Baba. Akwatin kuwa mai gyara zai zuba masa sabon rai, amma wannan wani ne, ba Wakili ba. Ana karɓar gaisuwa a falo, a turo get da ƙarfi.

Ba ma buƙatar a kawo komai, sai roƙo ɗaya. Duk wanda Baba ya taɓa tura wa saƙon murya, don Allah ya duba tsohuwar wayarsa, ko da faɗa yake yi, ko da tari ne. Kuma kada a zo da ƙarfe takwas na safe. A lokacin Inna tana zaune a bakin gado, da kofin ruwa a hannu, tana kallon lasifika.