Yadda Sunan Monita Ya Shiga Tarihi

Akwai mutanen da aka halitta domin tarihi ya riƙa tunawa da su. Monita yana cikinsu, sai dai har furfura ta cika masa kai tarihi bai samu labari ba.

Tun yana aji huɗu ya samo sunan, lokacin da malami ya ɗora masa aikin rubuta masu surutu. Muƙami mafi girma ke nan da ya taɓa riƙewa, shi ya sa bai yarda ya sauka ba. Mu 'yan ajinsu kuwa, da muka tsufa, maimakon mu tsige shi sai muka naɗa shi shugaban tsofaffin ɗalibai. Ka ga ashe wautar ba tasa ba ce shi kaɗai.

To, makarantarmu ta ƙauye ta tsufa, yara sun koma sabon gini, aka fara zancen rushe ta a faɗaɗa tashar mota. Abu ɗaya ne zai cece ta: hukumar adana kayan tarihi ta zo ta duba, in ta gamsu ta kafa mata allo. Daga nan ko ƙusa ba mai zarewa.

"Ku bar min wannan," in ji Monita, yana dukan ƙirji har tari ya sarƙe shi. "Allon nan sai an kafa shi, kuma sai sunana ya fito a jikin ginin. Jikokinku za su karanta!"

Tela, abokinsa tun suna zama benci ɗaya, ya ce, "Monita, ni dai na ji an ce tsohon abu suke son gani."

"Kai ban da zare da allura me ka sani? Tarihi suka ce, ba tsufa ba. Kai ma ai ka tsufa, wa ya kafa maka allo?"

Muka kwashe da dariya, muka ce Monita ya yi magana.

Washegari ya zaga makarantar, hannu goye a baya, ya ga abin kunya ta ko'ina. Manyan baƙi su zo su tarar da wannan? Tagogin katako da gara ta ɗan lasa, ya sa aka ɓalle, aka maye da gilashi mai duhu. Bangon da ɗalibai suka yi ta karta sunayensu tun zamanin iyayenmu, aka shafe da filasta, aka bi da shuɗin fenti mai kashe ido. Bencuna suka zama itacen girki, kujerun roba suka shigo. Ƙararrawarmu, tsohon wilin motar nan da ke rataye a bishiya, wanda in an buga har gona ake ji, ya ba masu sayen tsohon ƙarfe. Ya sayo ta lantarki, a garin da wuta ke zuwa kamar dangin da aka yi faɗa da su.

Matarsa ta ce, "Maigida, ɗakina da ke yoyo tun haihuwar autanmu fa?"

"Ki yi haƙuri, shi ba za a kafa masa allo ba."

Ban-ɗakin da ke bayan azuzuwa kaɗai ya tsira, don fenti ya ƙare kafin a kai kansa. Monita ya sa aka lulluɓe shi da tamfol.

Ranar dubawa jami'ar hukumar ta sauko daga mota, mace mai tabarau, riƙe da tsohon hoton makarantar. Ta dubi hoton, ta dubi ginin, ta sake duban hoton.

"Baba, ina jin direbana ya ɓata hanya. Tsohuwar makaranta muke nema."

"Ai ita ce wannan, ranki ya daɗe!"

"Wannan? Na ɗauka kantin sayar da waya ne. Ina ƙararrawar da ke cikin hoton nan?"

"Ta yi tsatsa, ranki ya daɗe."

"Ai tsatsar muka zo gani."

Monita ya yi wuf ya danna ta lantarkin don ya huce mata rai. Shiru. Ya sake dannawa da babban yatsa, har da cije leɓe. Wata akuya ce ta amsa daga nesa.

Jami'ar ta juya za ta tafi, sai idonta ya faɗa kan tamfol. "Wancan fa?"

"Ba komai, ranki ya daɗe. Wurin… kewayawa ne."

Ta ɗaga tamfol ɗin, sai fuskarta ta washe kamar ta tsinci zinariya. Ga ginin dutse na asali, ga ƙofar katako da sakatarta, ba wanda ya taɓa yi musu gata. A gefen ƙofar kuma ga rubutun da wani yaro ya yi da yatsa tun siminti yana ɗanye, manyan baƙaƙe raɗau: MONITA MUNAFUKI NE.

"Kun gani?" in ji ta. "Muryar ɗaliban wancan zamani ke nan! Wane ne Monita?"

Duk muka dubi takalmanmu. Tela ya dubi sama, yana ɓoye yatsansa a aljihu.

Monita ya ce, "Ya rasu, ranki ya daɗe."

"Allah ya jiƙansa," in ji Tela. "Mutumin kirki ne, sai dai rubutun bai yi masa ƙarya ba."

An rushe azuzuwan da sabon fentinsu, tasha ta faɗaɗa. Ban-ɗakin yana nan a tsakiyarta, an kewaye shi da shingen ƙarfe, an kafa masa allo. Rubutun kuma an sa masa gilashi don kada ruwan sama ya cinye shi.

Jikokinmu suna karantawa.