Shugaban Kwamiti Ya Yi Tari Sau Biyu

Jama'a, da ƙugu a ɗaure nake rubuta muku wannan. Daga kan kujera na rikito da safen nan, ina ɗaga wayar Auta sama kusa da taga, don nan ne kaɗai sabis ke leƙowa gidanmu.

Auta 'yata ce. Shekara uku ke nan da ta gama karatun nas, takardarta na cikin akwati, ita kuma tana tsakar gida tana auna wa maƙwabta hawan jini kyauta. Mako biyar da suka wuce wani asibiti ya kira ta intabiyu, gurbi ɗaya tal. Tun da ta dawo muka koma masu fassara alamu.

Na ce, "Shugaban Kwamitin, Allah ya ƙara masa girma, ya yi murmushi?"

Ta ce, "A'a Baba, tari ya yi. Sau biyu."

Maƙwabcina tela ya ajiye almakashi ya ce, "Sau biyu? An ɗauke ta! Manya ba sa ɓata tarinsu a kan wanda ba su so."

Uwarta ta ce ita abin da ya kwantar mata da hankali shi ne ruwan gora da aka ba Auta. Daga baya muka ji har direbobi an ba, amma ba mu bari wannan ya ɓata mana lissafi ba.

Babbar alamar ita ce sun nemi sunan wanda zai ba da shaida a kanta. Auta ta rubuta Matiron, tsohuwar da ta horar da ita, wadda ta yi ritaya bara. Tun ranar babu mai taɓa wayar nan. Ko ƙanena ya kira, sai a ce masa ya kashe, manya na hanya.

To yau, ina kwance a ƙasa ina salati, sai ga wayar ta yi ƙara a hannuna. Baƙuwar lamba! Auta ta fizge ta buɗe murya, ko sannu ba wanda ya ce mini.

Wata murya mai zaƙi ta ce, "Daga asibiti ne. Wata mai neman gurbin nas ta ba da sunanki. Kin san Matiron?"

Ashe zaman gida ya ishi tsohuwar, ita ma ta nemi gurbin, kuma sunan Auta ta bayar a matsayin mai shaidarta! Tela, wanda ƙarar faɗuwata ta shigo da shi, ya shiga yi wa Auta alama da hannu, yana raɗa, "Ki ce hannunta na rawa!" Ni ma, Allah ya yafe mini, na gyaɗa kai.

Auta ta ce, "Ita ta koya mini samo jijiya a hannun jariri. Ban taɓa ganin kamarta ba." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, rabi don alfahari, rabi don ƙugu.

Muryar ta ce, "Madalla. Ita ma jiya haka ta yabe ki."

Na ja jiki kusa da wayar na ce, "'Yar nan, don Allah, a cikin su biyun wa za a ɗauka?"

Ta ce, "Ayya Baba, ai ni aka ɗauka, tun kafin a yi intabiyun. Kawuna ne ya ce tunda ba na son ganin jini, in zauna a ofis in riƙa kiran masu shaida don fayil ya cika."

Kai, jinjina ga wannan Kwamiti mai tsari! A ina kuka taɓa ganin an cike gurbi, kuma ba a yi ƙyashin kiran waɗanda ba za a ɗauka ba?

Auta ta ajiye wayar. Ta ɗauko man zafi ta durƙusa tana murza mini ƙugu, hawaye na ɗiga a rigata. Hannun nan nata, wallahi, ya san aikinsa.

In kun je asibitin nan da rauni, ku rufe shi da kyau kafin ku wuce ta ofis, kada ku sumar mana da sabuwar nas.