Hagu Kawai: Yadda Za Ka Zo Na Ƙarshe a Gasar Rawar Turai

Ƙarfe goma ne na safe, kuma tun asuba ake yayyafi a nan garinmu Leszno, a ƙasar Poland. An ɗage tseren yau saboda fili ya zama taɓo. Tunda zama ya kama ni, na ce bari in amsa tambayar da ake yawan tare ni da ita a kantin burodi: wai yaya aka yi na zo na ƙarshe a gasar rawa, duk Turai tana kallo a talabijin?

To, ba sa'a ba ce. Aiki ne, kuma yana da tsari. Ni Witek ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan fannin na san shi. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari babu ƙasar da za ta zo a bayanka.

Mataki na 1: Ka yi suna a wani abin da ba rawa ba

Kowace ƙasa mutum ɗaya take ɗaukowa wanda jama'a suka san fuskarsa, mawaƙi ko mai karanta labarai, a haɗa shi da gwanar rawa, a tura su su kare mutuncin tuta. Saboda haka ka fara yin suna.

Ni tseren babur nake yi, irin namu na kan turɓaya. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya, kuma hagu kawai ake shan kwana. Hagu, hagu, hagu, har a kaɗa tuta. Tun ina yaro jikina bai san wata hanya ba. Ko a kasuwa, in abin da nake nema yana dama, sai na zagayo nake samunsa.

In kana da sana'a irin wannan, rabin aikin ya ƙare.

Mataki na 2: In an kira ka a waya, kada ka kashe inji

Mutumin gidan talabijin ya kira ina gareji, inji yana ruri. Abin da na iya ji shi ne "wakiltar Poland", da "zagaye fili", da "Budapest". Na ce na yarda.

Washegari rediyo ya faɗi sauran. Kawu Zenek, ƙanen mahaifiyata wanda shi ne makanikena, ya ajiye sifana a hankali.

"Witek, rawa ka ce za ka yi?"

"Sun ce zagaye fili, Kawu."

"Kai da ranar bikin yayarka ka riƙe kujera kamar za a sace ta?"

"Na riga na ce to."

"Uwarka ta sani?"

"Ta fara gaya wa maƙwabta."

Ya ɗauki sifanarsa. "Shi ke nan, babu gyara."

Mataki na 3: Ka samu abokiyar rawa wadda abin ya dame ta

Kada ka tsallake wannan. Wanda ya zo na ƙarshe tare da wadda ba ta damu ba, yawo kawai ya je.

Ni an haɗa ni da Pani Lucyna, wato Malama Lucyna a yarenmu. Ta kusa sa'ar mahaifiyata, tana koyar da rawa a wani ɗaki a saman ofishin 'yan kwana-kwana. An sha ɗaukarta zuwa irin wannan gasa, amma kullum a matsayin 'yar ko-ta-kwana: ta yi kwalliya, ta zauna bayan labule da kwat a kafaɗa, a gama, ta koma gida ba ta taka dandali ba. Bana ne aka ce ita ce.

Ranar farko ta rufe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Zauna, yaro. Gwiwata ta dama tana da nata ra'ayin. Da kaka likita zai yanka ta, daga nan ni da dandali sai kallo. In masu gasa suka ji, akwai yarinyar da suka ajiye, mai ƙafafu kamar na barewa, ita za su saka. Ka ji abin da na faɗa?"

"Ban ji komai ba, Pani Lucyna."

"Madalla, ashe kana da kai. Abin da nake so shi ne in shiga da ƙafata, in gama, in fita da ƙafata. Ba a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba, ƙasa tana kallo."

Sai ta nuna mini rawar. Wals ake ce mata, ɗaya-biyu-uku. A ƙarshenta akwai wurin da zan juya ta dama in sake ta, ta yi ta wulwulawa ita kaɗai a kan ƙafar dama. Na ce ko za a cire wannan. Ta ce da shi aka san ta tun ban iya ɗaura takalmi ba, kuma ba a ɗauko ni don shawara ba.

Mataki na 4: Ka koyi juyawa dama

Na san za ka ce wannan ya saɓa wa manufa. Bai saɓa ba. Wanda bai iya ba ya zo na ƙarshe, tsautsayi ne. Gwani shi ne wanda ya iya, ya ajiye a aljihu.

Zai yi wuya. Ta ce dama, na yi hagu. Ta ɗaura mini jan ƙyalle a hannun dama, na dubi ƙyallen da kyau, na yi hagu. In ka ji ta daina ce maka yaro ta koma "Pan Witold", wato cikakken sunana da "Malam" a gaba, ka san abin ya kai ta wuya.

"Pan Witold, da wane hannu kake shan miya?"

"Da wannan."

"To bi miyar!"

Kawu Zenek ne ya kawo dabara. Ya ba ni keken mahaifiyata, ya ce in dinga zagaye tsakar gida a baibai kullum da yamma. Maƙwabta suka dinga leƙowa ta taga. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, ta ja labule. Na faɗa cikin tumatir ba sau ɗaya ba.

Wata safiya kawai, kiɗa yana tafiya, sai na ga taga ta wuce ta wancan gefen. Na juya dama. Pani Lucyna ta buɗe jaka, ta raba tuffarta biyu, ta ba ni babban ɓarin.

Mataki na 5: Duk abin da aka zo shafa maka, ka tsaya

A Budapest, inda ake gasar, za su fesa maka wani ruwa ka koma kalar gasasshiyar kaza. Za su ba ka takalmi mai santsi, da kwat mai wutsiya biyu wadda ba a ɗaga hannu a cikinta sai da izini. Ka tsaya. Za ka ga ɗan wasan kwaikwayon Italiya yana sumbatar hannun duk wadda ta gifta, har mai shara. Za ka ga mai hasashen yanayi na Finland, wanda tunda aka zo bai ce uffan ba, amma in ya taka rawa kamar an zuba mai a ƙasa. Kada ka tsorata. Waɗannan duk na ɗaya suke nema, ba abokan takararka ba ne.

Mataki na 6: Ka juya baya a ba ka shurin sa'a

Ka san yadda muke yi kafin jarrabawa ko tsere: a ɗan tokare ka da gwiwa a mazaunai, kai kuma ba ka godiya, don kada sa'ar ta zube. Ba a shiga fili babu shi.

Muna bayan labule, saura mu. Pani Lucyna ta juya, na ɗan taɓa ta da gwiwa a hankali. Na juya ni ma, ina jira. Shiru. Na waiwaya.

Ta dafa bango. Don ta ɗaga ƙafar hagu, dole ta tsaya a kan ta dama. Ta gwada, ƙafar ta lanƙwashe. Ta sauya, ta ce bari ta ɗaga ta daman, ta ƙi ɗaguwa. Duk hodar da aka shafa mata ba ta ɓoye zufar ba. Can gefe likitan gasa yana zaune da jakarsa yana cin biskit. Kusa da shi yarinyar ko-ta-kwana ce, ta ɗaga ƙafa har kunne tana miƙa.

Pani Lucyna ta kai mini duka da tafin hannu.

"Da hannu ma yana ci."

"Pani, wancan juyin na ƙarshe…"

"Yana nan yadda muka koya. Ka ƙara buɗe baki, in gaya wa 'yan jarida kuka ka yi da aka yi maka allura."

Sai aka kira sunan ƙasarmu.

Mataki na 7: Ka sha kwana

Yanzu ka natsu, nan ne aikin yake. A wals namiji ne ke jan tafiya, kuma a gaban kyamara mace ba ta kokawa da abokin rawarta. Inda hannunka ya nufa, nan za ta bi, tana murmushi.

In kiɗa ya kai wurin juyin dama na farko, ka yi hagu. Kada ka yi fuskar mai dabara. Ka yi fuskar da Allah ya ba ka.

"Dama," in ji ta, haƙora a waje, leɓe ba ya motsi.

"To, Pani."

Na yi hagu.

"Dama, Pan Witold."

"Yanzun nan, Pani."

Hagu.

"Kai, ragon banza, ina miyar?"

In ana juyawa hagu a yadda na riƙe ta, nauyinta a kan hannuna yake sauka, da ƙafata ta hagu. Ita kuwa wannan ƙafar ta saba, ita nake ja a ƙasa da takalmin ƙarfe a kowace kwana. Haka muka dinga kewaya dandalin. Aka fara dariya daga baya, ta taho gaba. Wasu suka fara ƙirga zagaye da ƙarfi. Wani bawan Allah ya cire gyalen matarsa yana kaɗa mana kamar tutar gama tsere.

Da aka zo wurin da zan sake ta, ka riga ka sani. Ba a saki. Na ƙara riƙe ta, muka wulwula tare, hagu, takalminta na dama yana shafar ƙasa kawai. Kiɗa ya tsaya. Tana tsaye. Ta rusuna wa jama'a kamar sarauniya, ta taka ta fita da ƙafarta, farcenta a nutse cikin damtsena. Har yanzu akwai shaidar.

Mataki na 8: Ka ƙarasa abin da ka fara

Mutane da yawa a nan suke lalata aikinsu, su fara bayani. Kada ka yi.

Mai gabatarwa zai zo da abin magana, yana share hawayen dariya, ya ce ka nuna wa Turai hannunka na dama. Ka ɗan yi tunani. Sannan ka ɗaga na hagu.

Aka miƙa wa Pani Lucyna. Ta ce, "Na koyar da 'yan shekara biyar. Na koyar da tsofaffi masu dogara sanda. Wannan ne na farko da ya gagare ni." Aka yi mata tafi mai tsawo. Ta tsaya ta karɓe shi duka, ba ta yi sauri ba.

Daga nan ƙasashe za su dinga bugo waya suna raba maki. Ka tafa wa kowa. Mu wata maƙwabciya ce ta ɗan yafa mana, ina jin don tausayi, amma bai kai ya ɓata mana matsayi ba.

Wayata ta yi ƙara, Kawu Zenek ne.

"Da idona na ga ka juya dama a tsakar gida! Tumatirin uwarka shaida ne!"

"Fitilu ne, Kawu. Sun yi yawa."

"Fitilu? Kai da kake tsere a ƙarƙashin…" Ina jin hayaniyar mashaya a bayansa. Can ya rage murya. "Matar nan, lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Da ƙafarta ta fita."

"To." Ya ja numfashi. "Na rantse wa mutanen nan da gashin bakina cewa za ka juya. In ka dawo zan aske. Kai za ka riƙe madubi."

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana. In yara suka dinga bin ka a titi suna "hagu, hagu", ba ni na aike su ba. In direban bas ya gan ka ya kunna sigina yana dariya, ko limamin coci ya saka ka a wa'azin Lahadi, tsakaninka da su. In abokiyar rawarka ta daina yi maka magana, wannan ma kada ka kawo mini ƙara, don ni ma ban san maganinsa ba.

Ni dai washegari da safe, kafin jirgin ƙasa ya tashi, na sayi kabeji ɗaya wurin wata mata a bakin tasha. A cikin tarago Pani Lucyna tana kallon taga, ko inda nake ba ta duba ba. Na ɓare ganyen waje na zubar, na ciro masu kyau, na daddaka su da kwalbar ruwa yadda kakata ke yi wa kumburi, na ajiye a kujerar da ke kusa da ita.

Sai da muka bar gari ta miƙa hannu, idonta na kan taga. Ta naɗe gwiwar da ganyen, ta ɗaure da gyale.

"Ka daka shi da yawa. Duk ruwan ya fita."

"Zan gyara na gaba, Pani."

Ta miƙe ƙafar ta ɗora a kan kujerata. Na matsa na ba ta wuri.