Ranar da Na Nome Albasar Inna

A shekarar da hukumar En'e ta ɗauke ni malamin gona, watana uku kacal ina bin Baturen gona, amma ji nake babu tsiron da zai ɓoye mini a ƙasar Haɗeja. Ruwan kogi ya janye, na zo gida hutu, na leƙa ɗan lambun Inna, mahaifiyata, a bayan ɗaki. Kwami guda ya cika da siririyar ciyawa.

Na tuɓe riga, na durƙusa, ban bar ko tsinke ba. Na ji ɗan ƙamshi a hannuna, na ce sabuwar ciyawa ce, zan kai wa Bature rahoto. Na zuba wa akuya, na zauna jiran godiya.

Inna ta dawo daga unguwa, ta tsaya a kan kwamin, ta yi salati a hankali.

"Ɗan nan, ina irin albasata?"

Na ce, "Inna, ciyawa na cire. Haka ake yi a ilmance."

Daga Kirikasamma ƙanwarta ta aiko mata da irin. Kwana ashirin tana ba shi ruwa da ƙwarya, saura kaɗan a dasa. Maƙwabta suka shigo jaje, akuya na gefe tana tuƙa.

Yau na yi furfura, har da jikoki. Amma duk ranar da miya ta yi lami a gidanmu, sai wani ya ce, "A yi haƙuri, malamin gona ya yi noma."