Duna da Takalman Dattawa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan yayana ba, don ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma da hannuna na jawo wa kaina.

Abin ya faro ne daga wani kwikwiyo baƙi wuluk da abokin aikina ya kawo mini daga Gabi a cikin kwali. Ni malamin makaranta ne a Madarumfa, kuma a gidan mahaifina nake zaune da iyalina. Baba ya leƙa kwalin ya ja tsaki. Ba don an sace mana awaki biyu a daminar ba, da ko zaure kwikwiyon ba zai wuce ba.

"Ka ji ni da kyau," in ji Baba. "Gidanga gidan salla ne. Ran da karenga ya taɓa kayan mutane, ran nan za shi bar gidan."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ni da nake juya aji cike da yara, kare ɗaya ne zai gagare ni?

Na sa masa suna Duna. Da yake lokacin hutu ne, sai na duƙufa kallon masu horar da karnuka a waya, ina kwaikwayonsu a bayan ɗakina. In ya yi daidai, in ba shi guntun busasshen kifin tabki. Cikin mako uku ya iya "zo", ya iya "zauna", ya daina fitsari a tsakar gida. Matata Rabi ta ce ko ƴaƴan da na haifa ban taɓa yi musu irin wannan haƙurin ba (gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi kamar ban ji ba).

Akwai abin da masu horarwar ke ta nanatawa: a bar kwikwiyo ya saba da mutane, ya ga baƙi, ya koyi natsuwa a cikin taro. Wannan darasin na tsallake shi, don tsoron Baba ya sa kullum a ɓoye nake ajiye Duna. A madadinsa na koya masa abin burgewa. Na ware wani tsohon silifa, in ajiye a bakin tabarma, ya ɗauko ya dire a gabana, in ba shi kifi. Har ta kai ba sai na yi magana ba. Kaina ya kumbura, ina ganin duk faɗin Maradi babu gwani irina.

Ranar suna, tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, dattawan unguwa suka zo, surukan yayana suka iso daga Safo. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, kamar yadda aka saba. Duna kuwa na ɗaure shi da tsumman zane a bayan ɗaki. Kafin a fara har da cika baki na yi wa wani tsoho daga Safo, cewa karena ya fi wasu ɗalibaina hankali.

Liman ya raɗa suna, aka ɗaga hannu aka shiga addu'a. Ina can layin baya na sunkuyar da kai, sai na ji an taɓa mini gwiwa. Na buɗe ido. Takalmin fata ne na Liman a gabana, ga Duna a zaune tsaf, guntun tsumman da ya tauna na reto a wuyansa, yana kaɗa wutsiya.

Ana tsakiyar addu'a, ba halin tsawa, ba halin tashi. Na ce masa "tafi" a hankali, kalmar da ban taɓa koya masa ba. Sai na yi wautar da har gobe nake cizon yatsa a kanta: na laluba aljihu (kullum da kifi a ciki), na miƙa masa don ya yi shiru. Shi kuwa a wurinsa an biya shi ladan aiki ke nan. Ya haɗiye, ya juya da gudu.

Limaminmu ba ya gaggawar addu'a. Ya roƙa wa jariri, ya roƙa wa mamata, ya roƙi damina mai albarka, ya bi ƴan ci-rani da ke Najeriya ɗaya bayan ɗaya. Duna na kai da komo, ni ina cewa amin da zufa. Lokacin da aka shafa fatiha, takalma sun taru a gabana kamar na baza haja a kasuwa.

Tsohon nan na Safo ne ya fara magana, ya kira ni da Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Mushe, lalle karenka na da hankali. Hwarin can ni ke da shi, in an gama da shi."

Dariya ta ɓarke. Baba bai yi ba. Ya dubi yayana ya ce, "A kawo mishi bokiti da ƙasa." Liman ya ce ba sai an kai ga haka ba, a ɗauraye kawai. Baba ya ce a gidansa bakin kare ya taɓa su, sai an wanke sau bakwai.

Haka na tsuguna cikin babbar rigata ta shadda, ina cuɗa takalma ɗaya bayan ɗaya, dattawa na zaune ƙafa a miƙe suna cin goro suna jira. Rabinsu iyayen ɗalibaina ne. Mata sun cika zaure suna leƙe, kuma a cikin dariyarsu na tsinci ta Rabi sarai. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ƙasar ma a hannuna take ina goge takalmi da ita.

Bayan la'asar Baba ya kira ni. Na durƙusa na ce, "Baba, ba laihinshi ba ne."

"Na sani," in ji shi. "Abin da aka koya mishi shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Kai ne dai ba ni iya kaiwa garka in ɗaure. Don haka shi za shi tahi."

Da kaina na kai shi garkar kawuna a bakin tabki, inda yake gadin albasa da tumatir har yanzu. Na ce masa "zauna", ya zauna. Na juya na tafi, bai biyo ni ba, saboda ni na koya masa jira. Wannan ya fi dariyar dattawa yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, kafin ka koya wa kare abin da zai burge mutane, fara koya masa yadda zai zauna da su. A wannan jarabawar malamin ne ya faɗi, amma ɗalibin aka kora.